Rigar Awon Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Saratu, matar marigayi Saje Bitrus, wadda duk tashar Zuru ta sani da Maman Masa.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, kamar yadda kika koya mana buɗe wasiƙa a zamanin da muke rubuta wa Baba yana wurin aiki. Ba zan tambayi lafiyarki ba, domin Fasto ya tabbatar mana cewa inda kike babu ciwo, kuma ban ga dalilin yin musu da shi ba. Mu dai muna nan ƙalau. Dawa ta yi kyau bana, ta gonar Manga ta fi ta bayan gida. Katangar nan da kika yi ta cewa za ta faɗi, ta faɗi. Maigidana, Baban Mami, yana can inda aka tura su aiki, yana kira idan ya samu sabis.

Na san ba ke kaɗai za ki karanta wannan ba. Zan ajiye ta inda mutane ke gani, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka yi ta turo mini abin da zan ba ki labarinsa, da 'yan fuskokin nan masu hawayen dariya a ƙarƙashi. Su samu wuri su zauna, ban kori kowa ba. Amma da ke nake magana.

Autanki Iliya ya yi suna. Kin bar shi yana gyaran waya a wani ɗan shago kusa da kasuwa, to yana nan a shagon, sai dai yanzu idan ya fito yara suna bin sa. Shi da abokansa suka fara ɗaukar gajerun bidiyo na barkwanci. Na farkon duk babu mai kallo sai su da 'yan matansu. Daga baya ya fito da wata mata mai suna Gwaggo Rumbu, sai gari ya ɗauka.

Gwaggo Rumbu shi ne da kansa. Kin san Iliya, har yau idan ya juya gefe sai an neme shi. An ɗinka masa wani jiki na soso, irin soson da ake yin kujera da shi, aka rufe da yadi, daga wuya har gwiwa, da hannuwa, da zif a baya. Yana shiga ciki, ya ɗaura zani, ya kafa ɗankwali, shi ke nan ya zama mace mai ƙiba. Gwaggo Rumbu takan zauna a benci wurin biki, benci ya karye. Takan hau babur ɗin ɗan kabu-kabu, ƙafar gaba ta ɗaga sama. Takan maƙale a ƙofa, a taru ana turawa. Takan cinye faranti guda na masa mai sayarwa tana kallo. Na kalli da yawa daga cikinsu don in yi wa yaron adalci, ban ji ta faɗi ko magana ɗaya mai ban dariya ba. Ba ta ma cika magana ba, kullum bakinta a cike yake.

A ɗakin malamai na fara gani. Na shigo na tarar an haɗa kai a kan waya ɗaya, wata malama har tana dukan tebur. Suka miƙo mini suna cewa, “Malama Rifkatu, ƙanen nan naki zai kashe mu.” Na karɓa na kalla har ƙarshe. Ban yi dariya ba, kuma ba don na fi su tsoron Allah ba ne. Idona ne ya tsaya a kan hannun hagu na matar.

Kin tuna tun bayan aikin da aka yi miki a asibiti hannunki na hagu ya kumbura, bai sake saɓewa ba. Ya fi na dama kauri sosai daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Kullum gyalenki a wannan gefen yake sauka, shi ya sa mutanen tasha da suka yi shekaru suna cin masarki ba su taɓa lura ba. Mu na gida muka sani, sai kuma telanki. To hannun hagu na Gwaggo Rumbu ya fi na dama kauri, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Da shi take share masa daga faranti zuwa cinyarta, kuma a nan ne dariyar mutane ta fi ƙarfi.

Na mayar musu da wayarsu, na ce wa kaina kuskuren ɗinki ne, soso ya yi yawa a gefe ɗaya. Na tafi aji.

Tun da nake, ban taɓa ganin tela ya sa miki tef ba. Idan za a yi miki sabon ɗinki, tsohuwar riga kike aikawa a yi awo da ita. Daga baya ma kika bar guda ɗaya a shagon Malam Garba na Rikoto, ta zauna can dindindin, yadi kawai ake kai masa. Idan muka tambaye ki dalili sai ki ce, “Ni ba gona ba ce da za a zagaye ni da igiya.” Mu yi dariya, a wuce wurin.

Kullum haka kike, kina riga kowa. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, kafin ya buɗe baki ki ce, “Ɗana, tambayi babur ɗinka tukuna, kada ku yi faɗa a kaina.” A coci idan kika iso benci ya kusa cika, ki ce wa matan zumunta, “Ku matsa, mu biyu ne, ni da ni.” Su matsa suna ƙyaƙyatawa. Baba ma ya shiga sahu. Yakan tuna shekarun da ya yi yana golmo, yana noma wa iyayenki kafin su ba shi ke, ya ce da sun san yadda za ki ƙaru da sun ƙara masa shekaru, rangwame aka yi masa. Ke kuma ki ce ai bai makara ba, gonar tana nan.

A wurinki Iliya ya koyi ba mutane dariya, wannan ba sai an faɗa ba.

Na kuma tuna wasannin Kirsimeti da matasa ke yi a coci. Duk shekara akwai mai arziki marowaci, ko mata mai haɗama, kuma duk shekara ana cusa wa mai yin wasan filo a ciki. Ba a taɓa yin marowaci siriri ba, ko da yake marowatan da na sani a garin nan yawancinsu busassu ne. Kina zaune a gaba kina dariya har da share hawaye. Idan an tashi sai ki aika a karɓo filon, domin naki ne aka ara.

Wani abu da ban gane ba har yau shi ne bakin mutane. Matan da ke cewa amarya ta yi kyau, ta cika, miji yana kula da ita, su ne dai za su juya su ce wance ta zama buhu. Ban san a wane wuri ne cika take komawa buhu ba. Da alama babu wanda ya sani sai wadda aka faɗa wa.

Yanzu ga dalilin wasiƙar nan. Takwararki ce.

Mami ta shiga sakandare. Kin tafi tana ƙarama, kina ce mata kishiya, kina cewa ta ƙwace miki suna ta bar ki da tsufa. To ba sunan kaɗai ta ɗauka ba. Kafaɗunki ne, tafiyarki ce, har yadda kike dafa ƙugu idan za ki yi magana. Ni na biyo Baba, ita ta tsallake ni ta ɗauko ki. A da abin alfahari ne a wurinta, idan tsofaffi suka tsayar da ita a hanya suka ce Saratu ta dawo.

Kajin gidan nan na fara lura da su kafin yarinyar. Sun yi ɓul-ɓul, sun daina zuwa bayan katanga neman abinci, ana fito da tuwo sai su nufi bayan ɗakinki su jira. Can Mami take kai kwanonta, wai ta fi jin iska. Takan dawo da kwano a share, in ce madalla.

Sai ta bar ƙungiyar mawaƙa. Ta ce karatu ya yi yawa. Ita ce a layin gaba saboda muryarta, kin san muryar, taki ce.

Wata ranar kasuwa muna tafe tare, wasu 'yan mata sanye da kayan makarantarsu suka wuce mu, ɗaya ta ce, “Rumbu, a gaida gida.” Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar sunan yanka ne. Mami ta amsa, “Gida zai ji.” A nan na san sunan ya daɗe. Daga baya na ji cewa idan ta shiga aji ana buga mata tebur da irin kiɗan da ake sa wa Gwaggo Rumbu idan tana tafe, kuma idan za ta zauna, na kusa da ita sukan riƙe benci. Suna cewa ai kawunta ne ya fara, ba su ba.

A makon da aka fara yankan dawa Mami ta faɗi a layin safe a makaranta. Aka kira ni. Ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ce babu zazzaɓi, yunwa ce kawai. Da ta farfaɗo ba ta tambayi inda take ba, ba ta nemi ruwa ba. Ta tambaya ko wani ya ɗauka a waya.

Na ji tsoro, Mama. Ba zan ɓoye miki ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na zauna a gabanta da kwano. Takan kai loma biyu don in tashi. Yarinyar tana ƙarewa a gabana, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce mata ta fara kyau.

Ana cikin haka lokacin ɗinkin Kirsimeti ya zo. Na sayo yadi, na ce ta shirya mu je Rikoto a auna ta. Ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar rigarta a naɗe, ta miƙo mini. Ta ce in kai wannan a yi awo da ita. Ba ta taɓa jin labarin rigarki ba, ban taɓa ba ta ba. Na sa rigar a jaka na fita.

Malam Garba yana nan, keken nasa ma yana nan, su biyun sun ƙara tsufa. Ya ga ni ya cire tabarau, muka gaisa, ya yi miki addu'a irin tasu, na amsa da amin irin tamu. Kafin in fito da yadi ya ce, “To, ya anka ƙare da tunawa da Saratu? Wasan ya yi kyau?”

Na ce wane wasa.

Ya ce, “Wanda autanta yay yi a cocinku. Da yaz zo nan yac ce in ɗunka mishi jikin mace mai ƙiba, na wasan kwaikwayo na. Nid duba wata, nig ga lokacin rasuwatta ya zagayo. Nic ce Allah sarki, yaro zai hito a matsayin uwatai, a tuna da ita. Ban tambaye shi ba don kar in tada mishi da hankali. Sai nis sauko da rigatta.”

Ya nuna mini ƙusar da rigar take rataye a kai, a bayan ƙofa, ƙarƙashin wasu kayan da masu su ba su dawo karɓa ba. Shuɗiyar nan ce mai furanni da suka koɗe, mai ƙunar man masa a gefen ƙasa. Ya ce ya shimfiɗa ta a tebur ya yanka soso a kanta, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce hannun hagu ne ya fi ba shi wahala, sai da ya kwance ya sake, domin yana so duk wanda ya san ki ya gane ki. Yana faɗa yana jin daɗin aikinsa. Wayarsa irin mai tocila ce, bai taɓa ganin Gwaggo Rumbu ba.

Ban nuna masa a ranar ba. Na tambaye shi abu ɗaya kawai, ko ya san dalilin da ya sa ba kya yarda da tef.

Ya ce ya sani, ke kika gaya masa ranar da kika fara zuwa shagonsa bayan kun baro bariki. Ya ɗauko tef, kika ce ya ajiye. Kika ce a bariki akwai wani tela da ke auna mutum yana faɗin lamba da ƙarfi don mai rubutawa ya ji, kamar yadda duk teloli ke yi. Ranar da ya auna ki, sojoji suna zaune a bencin ƙofar shago. Ya faɗi ta ƙugu, ɗaya ya yi fito, sauran suka kwashe. Kika biya su da wata magana da ta sa suka ƙara dariya, kika fito. “Tac ce mini, Malam, na manta abin da nic ce musu, amma hiton nan ban manta ba.”

Ba ki taɓa ba mu wannan ba. Mu gona da igiya kika ba mu.

Na karɓi rigarki, na bar yadin Mami a wurinsa, amma ban ba shi rigarta ba. Na ce zan dawo da awo.

Daga nan shagon Iliya na nufa. Rana tsaka ce, yana sunkuye a kan wata waya da ya buɗe cikinta. Na gaya masa halin da Mami take ciki. Ya saurara, ya nuna damuwa, kuma na yarda damuwar ta gaskiya ce. Sannan ya kawo hujjojinsa, ba kuma marasa ƙarfi ba ne. Ya ce, “Yaya, ba da Mami nake ba. Ba da kowa nake ba, soso ne fa.” Ya ce yara idan ba su samu wannan sunan ba za su samu wani. Ya ce tun da yake a duniya wannan ne abu na farko da ya taɓa ya kama, har masu shaguna suna kiran sa ya tallata musu kaya, kuma da shi yake shirin aure. Ya ce mutanen garin nan sun sha baƙin ciki a 'yan shekarun nan, idan ya ba su dariya ta minti ɗaya ina laifi. A ƙarshe ya ce, “Ai da Mama tana nan, ita za ta fi kowa dariya.”

Na ce masa ƙila haka ne. Har yanzu ina ganin ƙila haka ne, kuma wannan ne ya fi damu na.

Ban iya jayayya da shi ba, kin san bakinsa. Na ce masa kawai ya duba hannun hagu na matar tasa. Ya ce ai tun ranar farko ya gani, tsohon ne idonsa ya yi rauni ya cika soso a gefe ɗaya, shi kuma ya ga abin ya ƙara armashi. Sai na fito da rigar na shimfiɗa a kan teburinsa, a kan wayoyin mutane. Na gaya masa abin da Malam Garba ya zata, da yadda ya yanka.

Ya kalli ƙunar man. Ya kalli hannun rigar na hagu, ya kalli na dama. Ya ajiye ɗan ƙarfen da ke hannunsa. Na naɗe rigar na tafi.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ya shigo gida da buhu a kafaɗa. Ina madafa. Ya zazzage abin a tsakar gida, ya rasa inda zai ajiye shi, ƙasa da ƙura, sai ya ɗaga ya rataye a igiyar shanya. Na leƙo daga ƙofar madafa. Babu kai, babu ƙafafu, yadin ma fari ne ya yi datti. Amma ya ba ni baya, iska tana ɗan motsa shi, kafaɗar hagu ta ɗan sauka. Malam Garba gwanin tela ne, Mama. Na ajiye muciya na dafa bango.

Mami ta fito daga ɗaki. Ba ta taɓa ganin sa babu zani da ɗankwali ba. Ta zagaya shi, ta latsa cikin da yatsa, ta ja zif ɗin ƙasa ta mayar sama. Ta ce, “Kawu, da zafi a ciki?” Ya ce da zafi sosai, ba ya iya daɗewa, ana gama ɗauka yake cirewa. Ta ce, “Idan ka cire ina kake ajiyewa?” Ya ce akwai ƙusa a bayan ƙofar shago.

Ta ce, “To ni ina zan rataye nawa?”

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma ba ta yi kuka ba. Tambaya ta yi tana jiran amsa. Iliya ya nemi turmi ya zauna.

Ya daɗe a zaune. Da ya tashi ya ce in ba shi almakashinki. Na ba shi. Ya je gaban igiyar ya tsaya, ya kama hannun hagu, ya kasa. Ya kifa goshinsa a kan kafaɗar. Kin tuna ba ya gari ranar da kika tafi, ya iso an riga an rufe ki. Na ja Mami muka shiga madafa, muka ba shi wuri.

Kada ki ɗauka komai ya gyaru. Bidiyoyin suna nan a wayoyin mutane, ya goge nasa amma ba zai iya shiga aljihun kowa ba. Ana ta tambayarsa ina Gwaggo Rumbu, wasu har da zagi, wai ya samu wuri ya fara girman kai. Na ji wani yaro a Wasagu ya fara tasa matar da filo biyu. Sababbin da Iliya yake yi da jikinsa na Allah, masu kallo ba su da yawa, kuma gaskiya wasu ba su da daɗi. Maganar auren an ɗaga. Ba ya gaishe ni da fara'a kamar da, ni ma ban nemi ya gode mini ba. A makaranta har yanzu akwai masu cewa Rumbu.

Malam Garba ya gani daga baya, wani maƙwabcinsa ya nuna masa. Ya aiko a kawo masa jikin, ya ce shi ya ɗinka, shi zai kwance. An kai masa. An ce bai buɗe shago ba washegari.

Masu karanta wannan a bayan kafaɗata za su so in yanke hukunci, in ce wasa da ƙiba haramun ne ko halal. Ba aikina ba ne. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Wanda ya sa soso yana jin zafin na ɗan lokaci ya cire, ya sha ruwa, a tafa masa. Dariyar kuma ba ta bin sa gida. Tana tsayawa a gari ta nemi mai irin jikin, ta same ta a aji, ko a benci, ko a shagon tela. A gidan nan ta samu biyu, ɗaya a kabari ɗaya a aji ɗaya na sakandare.

Saura labarin awo. Na aro tef a wurin Malam Garba na kawo gida. Na ce wa Mami ba zan kai tsohuwar rigarta ba, ta matse ta, kuma ba na son a fara wannan al'adar a karo na biyu. Na ba ta labarin bariki, da fito, duk yadda aka ba ni. Na nuna mata shuɗiyar rigarki. Ta sa a kan kayanta, ta sauko mata har gwiwa, hannuwan suna lilo. Ta ce, “Ashe Kaka ta fi ni nesa ba kusa ba.” Na ce ƙwarai, kuma duk tashar Zuru babu wanda ya isa ya wuce ta bai gaishe ta ba.

A ɗakinki muka yi. Iliya ya zo ɗaukar caja da ya manta, ta ce ya tsaya a bakin ƙofa ya rubuta. Na zagaya tef a kafaɗa, na rufe lambar da babban yatsa, niyyata in je in raɗa masa. Ta ɗage yatsana, ta duba, ta faɗa da ƙarfi yadda na bayan katanga ma zai ji. Daga bakin ƙofa Iliya ya ce, “Na rubuta. Na gaba.” Ta faɗi ta ƙirji. Ya ce na gaba. Da muka zo ƙugu ta dafa shi da hannu ɗaya irin yadda kike yi, sannan ta faɗa. Babu wanda ya yi fito. Ya ce, “Na rubuta.”

Da yamma ta ci tuwo a tsakar gida, a gabanmu. Ba ta cinye ba, ta bar kusan rabi. Amma rabin da ta ci ita ta ci. Kajin sun jira a bayan ɗakinki har suka gaji, suka koma bayan katanga neman na kansu.

Tambaya ɗaya gare ni, Mama, kuma na san ba a aiko da amsa daga can. Duk dariyar nan da kika yi, a coci, a tasha, a gaban filonki da aka cusa wa wani a ciki, nawa ce ta daɗi, nawa ce ta riga-kafi? Mun ɗauka duka kyauta ce kike ba mu. Mun karɓa da hannu biyu, ba mu taɓa tambayar abin da kike sayowa da shi ba. Ina kewarki. Ina kewar nauyin hannun nan na hagu a kan wuyana idan kin gaji a hanyar dawowa daga tasha.

Rigarki tana cikin akwatina, na wanke ta, ƙunar man ba ta fita ba. Ba za a sake yanka komai a kanta ba.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurin da ba a auna kowa da tef. Ya ba ki benci mai ƙarfi a layin gaba, wanda ba sai kin yi wa kowa barkwanci kafin a matsa miki ba. Ya riƙe takwararki, ya sa ta koma cikin mawaƙa. Ya buɗe wa autanki wata ƙofar, wadda zai shiga da jikinsa. Ya sanyaya zuciyar Malam Garba, wanda bai yi nufin komai ba sai alheri. Ki gaida Baba, ki ce masa gonar tana nan.

Ni ce 'yarki,
Rifkatu, Maman Mami,
daga gidanki na Zuru.